Fitsari kamar ruwan bunu: nazarin abin da ya sami wani ɗan ƙwallo a Jos

Daren Laraba ne, bayan isha'i, yayata ta kira ni a waya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. "Ɗan nan naka fa ba lafiya. Mun je asibiti, an ce hanta ce." Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ni ma a wannan rubutu zan bi sahunta. Shekarunsa 19, yana buga baya ta gefen dama a wata ƙungiyar unguwa a cikin Jos. Ni kuma aikina gwajin jini da fitsari, shi ya sa duk takardar asibitin da ta shigo dangi sai ta biyo ta hannuna kafin a yarda da ita.

Na ce ta ɗauki hoton takardar ta turo mini ta WhatsApp. Gwajin maleriya babu komai, gwajin ciwon hanta nau'in B shi ma babu komai. Amma sinadaran nan biyu da ake duba lafiyar hanta da su sun yi sama: AST ya haura 700, ALT yana wajen 200, alhali a jikin mai lafiya kowannensu bai cika wuce 40 ba. A ƙasa an rubuta masa magungunan hanta, an ce ya dawo bayan mako biyu.

Na tambaye ta ko idonsa ya yi rawaya. Ta ce fari tas. To me ya kai ku asibiti? Ta ce cinyoyinsa ne suka kumbura, kwana biyu a kan kujera yake sallah, ga fitsarinsa ya koma kamar ruwan bunu. Na ce: "Yaya, gobe da sassafe ku zo mini da shi, da fitsarinsa a kwalba mai tsabta. Ya ajiye duk wani magani, ya yi ta shan ruwa." A nan ni ma na yi kuskure. Da wannan bayani kaɗai ya kamata in ce su nufi babban asibiti a daren, amma son in gani da idona ya sa na ƙara masa wasu awoyi goma.

Litinin ɗin da aka rama hutu

Labarin atisayen daga bakinsa na ji shi, daga baya abokansa biyu suka cike mini giɓi. Cikin Disamba ya yi zazzaɓi ya kwanta kusan mako guda, yana tashi kuma ƙungiya ta tafi hutun ƙarshen shekara. Idan aka haɗa, ya yi mako huɗu bai taka leda ba. Da aka shiga Janairu sai labari ya zo cewa masu neman 'yan wasa za su zo gwaji ƙarshen wata. A Jos wannan ba ƙaramin labari ba ne. Garin da aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, garin da Plateau United ta ɗauko wa kofin gasar Najeriya a 2017, kowane yaro mai takalmin ƙwallo yana hango kansa a filin Rwang Pam, daga can sai Turai.

Koci ya ce kwanakin da aka ɓata sai an rama su. Ƙarfe shida na safiyar Litinin suka haɗu a wani fili da ke gindin tsauni a bayan gari. Hawa da gudu, sauka da gudu, sau goma sha biyu. Aka dawo fili aka shiga tsuguno-tashi, kowa ɗauke da abokinsa a wuya. Shi kuma ya makara da 'yan mintuna, don haka da aka gama na kowa aka ba shi nasa hukuncin: tsallen kwaɗo daga raga zuwa raga, zuwa da dawowa, sau uku. Bai karya kumallo ba ya fito, kuma a cikin awa uku ledar fiya wata ɗaya ya sha.

"Kawu, sanyi ake yi fa. Ni ban ji ƙishi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan hunturun Jos yake yaudarar mutum. Iskar a bushe take, gumi yana fitowa tana shanye shi, riga ba ta jiƙewa balle mutum ya ga shaida. Kowane numfashi yana fita da ruwa, sanyi kuma yana kashe ƙishi. Da a Maris ne, ko a zafin Abuja, da shi da kansa zai nemi ruwa.

Yammacin Litinin ƙafafunsa rawa kawai suke yi. Talata ya tashi kamar an daka shi a turmi. Tsugunawa a banɗaki sai da ya dafa bango, ruku'u da sujada kuwa suka gagara. Duk da haka ya ja ƙafa ya koma fili, saboda karatun da aka ba su shi ne tsamin jiki da gudu ake kore shi, wai laktik asid ne ya taru a tsoka. Wannan magana ta daɗe tana yawo a filayenmu, kuma ba haka abin yake ba: laktik asid yana barin jini cikin kamar awa guda bayan an tsaya, ba ya kwana balle ya yi kwana biyu. Ya gwada sassarfa ya kasa, ya zauna a gefe. Da yamma ya je kemis, aka yi masa allurar dikulofenak, aka ƙulla masa haɗi a leda, ciki akwai ibufurofen. A daren fitsarin ya sauya. Kunya ta hana shi faɗa, sai da ƙanensa ya gani a banɗaki ya kai wa uwarsu rahoto.

Abin da ke cikin kwalbar

Safiyar Alhamis suka iso, yana tafe yana buɗe ƙafa kamar wanda aka yi wa kaciya. Cinyoyin sun yi tauri, in ka danna sai ya riƙe maka hannu. Fitsarin da ya tara tun asuba bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba, launinsa kuwa yayata ba ta yi ƙari ba: ruwan bunun da aka bar ganye ya daɗe a ciki.

Na tsoma tsinken gwaji. Gurbin da ke nuna jini ya rine nan take, har maƙura. Na zuba fitsarin a kwalbar gwaji na sa a injin da ke wulwula shi don abin da ke da nauyi ya kwanta. Da a ce jini ne na gaske, kamar na mai tsargiya, da jajayen ƙwayoyin sun taru a ƙasa, saman ya washe. Bai washe ba. Na ɗiga abin da ya kwanta a gilashi na duba a madubin likita: jajayen ƙwayoyin jini sai ka yi ta nema kafin ka ga ɗaya, ƙwan tsargiya babu, sai wasu 'yan guntaye masu launin ƙasa, dogaye kamar an yanka zare. Siffar bututun ƙoda ce suka ɗauko.

Tsinke ya ce akwai jini, madubi ya ce babu. Idan aka ga haka, abu biyu ake zargi. Ko dai jajayen ƙwayoyin jini ne suke fashewa a cikin jiki, kamar yadda maleriya mai tsanani takan yi, ko kuma mayogulobin ne, wato furotin ɗin da ke riƙe iskar oksijin a cikin tsoka, wanda shi ne ke ba jan nama launinsa. Tsinken ba ya bambanta su, don duka biyun suna ɗauke da sinadarin ƙarfe iri ɗaya. Abin da ya raba gardama shi ne jinin da na ɗiba a hannunsa. Da na wulwula shi, ruwan da ya taso sama garau yake, launin kara. Mai fashewar jini nasa ja-ja yake fitowa.

Sai na sa gwajin CK. Wannan wani sinadari ne da gidansa cikin tsoka, aikinsa taimaka mata samun ƙarfi cikin gaggawa. Ɗan kaɗan ne yake tsiyayowa cikin jini, a takardunmu iyakar mai lafiya tana wajen 200 a kowace lita. Injin ya ƙi ba da adadi, ya nuna abin ya fi ƙarfin ma'auninsa. Na sirka jinin na sake sawa, ya sake ƙi, na ƙara sirkawa. Da na ninka lissafi ya fito sama da 38,000. Likitoci suna kiran ciwon da sunansa, rabdomayolisis, da zarar CK ya ninka iyakarsa sau biyar, wato wajen 1,000, tare da alamomi a jiki. Da Hausa sai mu ce farfashewar tsoka.

Amma ba wannan adadi ne ya tayar mini da hankali ba. Kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa wanda da shi muke gane ko tana aiki, ya kai 196, alhali na namiji baligi yana tsakanin 60 da 110. Fotasiyam, sinadarin da yawansa a jini ke rikita bugun zuciya, 5.7, iyakarsa 5.0. Na cire rigar aiki na ce da yayata mu tafi.

"Ba hantar ba ce?"

"Hantarsa lafiya lau, Yaya. Ƙodarsa ce muke gudun ta tsaya."

Kuskuren ƙaramin asibitin da suka fara zuwa mai sauƙin faɗawa ne. AST da ALT ba a hanta kaɗai suke ba, tsoka ma cike take da su, musamman AST. Idan AST ya ninka ALT sau uku ko huɗu a jikin matashin da idonsa fari ne kuma cinyarsa ke ciwo, tambayar farko ita ce me ya yi da jikinsa a makon nan. Ba wanda ya yi masa wannan tambaya.

Me ya sa sauka ta fi hawa ɓarna

Da na tambaye shi wanne ya fi ba shi wuya, cewa ya yi hawan tsaunin. Hawa yana cinye numfashi, amma sauka ce ta yaga shi. Tsoka tana aiki iri biyu. Akwai lokacin da take tsukewa ta ja kaya, kamar mai jawo guga daga rijiya. Akwai kuma lokacin da take miƙewa alhali tana riƙe da kaya, kamar mai sauke cikakken guga a hankali don kada ya kuɓuce masa. Gudu a gangare, tsugunawa da mutum a wuya, dirar tsallen kwaɗo, duk na biyun ne. Tsokar gaban cinya ce birki, kuma a irin wannan aiki zaruruwa kaɗan ne suke ɗaukar nauyin, sai nauyi ya yi musu yawa su tsattsage.

Tsagewar farko ƙarama ce, shi ya sa ranar Litinin ya dawo gida da ƙafarsa. Abin da ke biyo baya ne babba. Fatar da ta lulluɓe zaren tsoka ta huje, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki fiye da kima, ƙarfin da za a fitar da shi ya ƙare, musamman ga wanda ya fito ba karin kumallo. Kalsiyam ɗin ya tayar da wasu sinadarai masu narkar da furotin, zaren ya shiga cin kansa. Fararen ƙwayoyin jini su zo share wurin, wuri ya kumbura. Shi ya sa tsamin jiki yake tsananta a kwana na biyu da na uku, shi ya sa kuma CK yake ci gaba da hawa kwanaki bayan an bar fili.

Kaɗan daga wannan ɓarna ita ce horo kansa. Jiki ya gyara wurin, ya ƙara masa ƙwari, karo na biyu aiki iri ɗaya ba zai yi ɓarna kamar na farko ba, kuma wannan kariya takan ɗauki makonni. Idan aka daɗe ba a yi ba sai ta ragu. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne irin ɗan yayata: yana da zuciya da huhun da za su kai shi ƙarshen atisaye, amma tsokarsa ta kwana biyu ba ta ga irinsa ba. Rago da ya gaji zai zauna, shi ke nan ya tsira. A Janairun 2011 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa suka kwanta asibiti da wannan ciwo, bayan an dawo hutu an sa su tsuguno-tashi sau 100 da ƙarfe a kafaɗa. Ƙarti ne majiya ƙarfi, ga likitoci ga kayan aiki, amma hutu da ramuwar gayya suka kayar da su.

Duk abin da ke cikin zaren da ya fashe jini yake faɗawa. CK shi kansa ba ya cutar da komai, ɗan aike ne kawai mai gaya mana girman ɓarnar. Fotasiyam kuwa, kusan kashi 98 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a cikin ƙwayoyin halitta yake a kulle, mafi yawa a tsoka. In ya fito da yawa kuma ƙoda ba ta zubar da shi ba, yana rikita bugun zuciya, yana iya tsayar da ita ba sallama. Fosfet da yurik asid su ma suna hawa. Kalsiyam na jini kuma yakan faɗi da farko, don ya tafi ya maƙale a tsokar da ta lalace.

Sai mayogulobin. Ƙarami ne, yana wuce rariyar ƙoda cikin sauƙi. Ƙodojin mutum suna tace kusan lita 180 na ruwa a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, kuma in ruwa na gudu sosai mayogulobin zai bi ya fice. In ruwa ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri ya yi tsami, sai ya daskare a cikin ƙananan bututun ya toshe su, kamar kwatar da aka zuba wa ƙullu ba a bi da ruwa ba. Guntayen nan da na gani a madubi ke nan. Ƙarfen da ke cikinsa kuma yana ƙona bangon bututun. Ga shi cinyoyin da suka kumbura sun janye ruwa mai yawa daga cikin jini sun riƙe, jinin da ke isa ƙoda ya ragu. Tun 1941 wani likitan Ingila, Eric Bywaters, ya bayyana wannan alaƙa, a jikin mutanen da gine-gine suka danne lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan: a zaro mutum da ransa, bayan kwanaki ƙoda ta tsaya.

A wannan hali ne aka kawo dikulofenak da ibufurofen. Idan jiki ya bushe, ƙoda tana da wasu sinadarai da take saki su buɗe mata hanyar jini don kada ta shaƙe. Waɗannan magunguna aikinsu ke nan, hana jiki yin irin waɗannan sinadarai, ta haka suke kashe ciwo. Mai kemis ya ga yaro yana ɗingishi ya ba shi abin da yake ba kowa. A ganina, da atisayen Litinin kaɗai ne, ya dawo ya kwanta ya yi ta ɗirkar ruwa, da wuya kiriyatinin ɗinsa ya kai inda ya kai. Abin da aka yi tsakanin Talata da Alhamis ya taɓa ƙodar fiye da tsaunin.

Kwana bakwai a gado

Likitar da ta karɓe mu ba ta ɓata lokaci ba. Ta duba takarduna, ta sa a maimaita a nasu ɗakin gwajin, wanda daidai ne, aka yi ECG, wato gwajin bugun zuciya, aka ga zuciya ba ta fara nuna alamar fotasiyam ba. Aka ɗaura ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata. Aka sa masa robar fitsari don a riƙa aunawa, abin da ya fi ƙona masa rai a duk zaman. Abin da ake nema shi ne ya riƙa fitar da mililita 200 zuwa 300 a kowace awa. Maganin ke nan, ruwan gishiri da sa ido, sai farasitamol don ciwo.

Sa idon ba wasa ba ne. Idan ƙoda ta ƙi amsawa, ruwan da ake ɗurawa huhu zai tafi, don haka ana sauraron ƙirjinsa, ana gwada jini safe da yamma. Likitar takan danna cinyar, ta sa shi motsa yatsun ƙafa, ta tambaye shi ko yana jin taɓawa, saboda tsokar da ta kumbura a cikin kubenta tana iya matse jijiyoyi har sai an tsaga an sassauta. Bai kai ga haka ba.

Yayata ta iso da yamma da kwando: ayaba, lemo, dabino, ga faten dankalin turawa a kula, ga wata jarka ta jiƙon shawara da maƙwabciya ta ba ta. Likitar ta leƙa ta yi murmushi. "Mama, duk waɗannan fotasiyam ne da su. A ba masu jinya su ci. Jarkar nan kuma a mayar da ita gida." A garin da dankalin Bokkos da Mangu yake ko'ina, hana mara lafiya fate sai da dogon bayani.

Ranar Juma'a CK ya ƙara hawa ya haura 41,000, kiriyatinin ya kai 240, aka fara maganar in bai juyo ba za a yi tunanin wankin ƙoda. Daren nan ba wanda ya yi barci. Amma tun kafin adadi ya sauya, jakar fitsari ta riga ta ba da labari: daga ruwan bunu ta koma launin shayi mai sirki, zuwa Asabar ta zama ruwan ɗorawa, kuma tana cika da wuri. Mayogulobin ba ya daɗewa a jini, cikin awa biyu zuwa uku rabinsa ya tafi, shi kuwa CK sai ya yi kamar yini ɗaya da rabi kafin ya ragu da rabi. Don haka fitsari yakan washe alhali takarda tana nan da dubbai. Lahadi kiriyatinin ya fara sauka, fotasiyam ya dawo 4.4. Aka sallame shi ranar Laraba, CK ya sauko ƙasa da 5,000, kiriyatinin 118. AST da ALT suka bi CK suka sauka tare, ba a ba shi ƙwayar maganin hanta ko ɗaya ba.

Abokansa biyu, da maganar AS

Ranar da aka kwantar da shi na aika a kira mini duk wanda ya yi atisayen kuma yake jin jiki. Biyu suka zo. Na farko CK ɗinsa wajen 900. Na biyu ya haura 4,000, amma fitsarinsa garau, kiriyatinin da fotasiyam daidai, yana tafiyarsa yana dariya. Shi wannan bai yi hutu ba, ya yi ta buga gasar unguwa duk Disamba, bai yi tsallen kwaɗo ba, bai je kemis ba. Na ce ya huta kwana uku ya sha ruwa, ya dawo a sake gwadawa. Ya dawo adadin ya sauka.

Na kawo shi ne don masu ganin adadi su firgita. Ɗan wasan da ke cikin kaka yakan yi yawo da CK na ɗaruruwa, wani lokaci sama da dubu, lafiyarsa ƙalau. Masu gudun fanfalaki washegarin tsere sukan kai dubbai. Baƙar fata namiji mai tsoka kuma tun asali nasa ya fi na sauran jinsi yawa, iyakar 200 ɗin nan ba da jikinmu aka yanka ta ba. Atisaye mai tsanani yana motsa wasu gwaje-gwajen ma na ɗan lokaci: fararen ƙwayoyin jini su ƙaru kamar mai ciwo, jini ya yi kauri saboda ruwa ya fita. Duk wanda zai karanta takardar ɗan wasa, ya fara tambayar yaushe rabonsa da fili. Abin da ke raba na gida da na asibiti shi ne launin fitsari da yawansa, kumburi da raunin da ya wuce tsami, sai kiriyatinin da fotasiyam.

A asibiti aka gwada jinotayif ɗinsa aka ga AS ne. Bai taɓa sani ba, don mu sai aure ya taso muke wannan gwaji. Koci da ya ji sai ya samu abin riƙewa: ashe dama yaron yana da sikila a jini. AS ba ciwon sikila ba ne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya haka suke, wato a ƙungiya mai mutum ashirin ana sa ran wajen biyar. Gaskiya ne yana ƙara haɗari idan an haɗa gudu ba hutawa da ƙishirwa, don a irin wannan hali wasu jajayen ƙwayoyin sukan lanƙwashe su rage gudun jini a cikin tsoka. Wani bincike da aka buga a 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin farfashewar tsoka da kashi 54 cikin 100, kwatankwacin abin da shan taba ke ƙarawa, kuma bai ga sun fi sauran mutuwa ba. Ƙari ne na a kula, bai kai na a ce yaro ya ajiye ƙwallo ba. Tsayin Jos ma an ambata, mita 1,200 da 'yan kai sama da teku, amma wanda aka haifa a nan ya girma a nan jikinsa ya daɗe da sabawa.

Kocin ya zo dubiya ranar Asabar, da ledar lemo. Mutumin kirki ne, ba a biyansa ko sisi, daga aljihunsa yake sayen ƙwallo. Muka fita baranda.

"Malam, mu haka aka yi mana. Har taya muka ja a kan dutsen nan, ba abin da ya same mu."

"Koci, waɗanda abin ya sama ba su ne suka zama koci ba. Cewa aka yi shawara ce, ko an yi musu jifa."

Ya yi shiru. Na roƙe shi abu uku: wanda ya dawo daga hutu ko jinya a ba shi mako biyu yana hawa a hankali, a daina hukunci da tsallen kwaɗo, kuma ya gaya wa yaransa da bakinsa cewa duk wanda ya ga fitsarinsa ya yi duhu bayan atisaye ya faɗa a ranar, kada ya bi ta kemis. Na farko da na uku ya karɓa. Na biyu ya ce zai duba, don yaran yanzu in ba a matsa musu ba sai ƙarfe bakwai za su zo.

Gwajin ƙarshen wata ya wuce ɗan yayata yana gida. Mako biyu bai yi komai ba sai tafiya zuwa masallaci da dawowa. Da aka ga CK ya sauko ƙasa da 1,000 kuma kiriyatinin ya koma 92, ya fara sassarfa a fili mai laushi, bayan mako guda ya fara taɓa ƙwallo, gangaren tsauni kuwa sai a mako na shida, shi ma sau biyu. Cinyoyin sun ɗan zube, sai da suka ɗauki lokaci kafin su ciko.

Cikin Maris ya biyo ta wurin aikina a yi masa gwajin ƙarshe, kwana biyu bayan ya buga cikakken wasa. Ya karɓi takardar ya ƙura mata ido.

"Kawu, 410 fa. Nan kuma an rubuta kada ya wuce 200."

Na ce wannan nasa ne na ɗan ƙwallo, ya duba layin kiriyatinin. Ya duba, 88. Na haɗa masa ita da takardar AS na ce ya ajiye a jakar takalmansa, duk ƙungiyar da ta ɗauke shi ya nuna wa mai kula da lafiyarsu. Ya ninke su ya cusa a aljihun jakar, kusa da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi da uwarsa ta saya masa a kasuwar Terminus, ya ce zai wuce fili, Koci ya ce ƙarfe huɗu.